An ba ni shugabancin abokan aikina, ya zan yi?

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a. Shekara 4 ina aiki a wani gidan burodi a Sabon Gari, watan jiya oga ya ce ni zan riƙa kula da ma'aikata 7. To matsalar, da su muke cin tuwo kwano ɗaya, yanzu in na yi maganar makara sai dariya, ɗaya ma ya girme ni sosai wallahi kunyarsa nake ji. Ƙarshe ni nake kwaɓa fulawar da kaina don kar aiki ya tsaya.

Baban Yara:
Ƙanena, kuskuren farko kenan. In hannunka na cikin kwaɓi wa zai duba lissafin buhuna da masu zuwa sari? Raba aikin, ko da ba su kai ka iyawa ba, za su koya.

Yar Samaru:
Shi babban kar ka kuskura ka yi masa faɗa gaban yara. Ja shi gefe bayan la'asar, ka ce yaya ina neman shawararka, za ka sha mamaki. Sannan oga ya tara su ya faɗa da bakinsa, ba kai ba.

Ɗan Tudun Wada:
Bai tara su ba kuwa, ni kaɗai ya gaya wa a waya.

Baban Yara:
Ashe! To gobe ka same shi tun kafin a kunna wuta.