Neman shawara: in haɗa karyata da ɗan uwanta ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gonar kaji a hanyar Wamakko, kuma karnuka ne ke taimaka wa maigadi da dare. Akwai karyata Alseshan (irin manyan karnukan gadi na Turawa), watanta 14, na sa ran za ta nemi barbara cikin Fabrairu. Wanda na saye ta a hannunsa ya ce in kawo ta a haɗa da wani namiji nasa kyauta, in ta haihu ya ɗauki kwikwiyo biyu. Sai dai namijin da karyata uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, haihuwa ce kawai ta bambanta. Ya ce haka ake tsare jini kada ya gauraya.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi: maƙwabcina ya sayi wanda aka haife su tare da ita, kuma tun yana wata 9 yake jan ƙugu. In zai tashi sai ya dafa da ƙafafun gaba ya daɗe yana yunƙuri, in zai yi gudu kuma sai ya haɗa na baya biyu ya yi tsalle da su tare. Tawa lafiyarta ƙalau a ido. Masu gonaki uku sun riga sun ce in ajiye musu 'ya'yan, kuma ba na son in ba mutum abin da zai zame masa wahala. Ina mafita?

Likitan dabbobi, Mabera:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka haɗa su. Kowane kare yana ɗauke da wasu lahani na gado a ɓoye, waɗanda ba sa fitowa sai ɗa ya gaji iri ɗaya daga uwa da uba. Bare da bare ba kasafai suke dacewa a kan lahani guda ba, amma wa da ƙanwa daga tushe ɗaya suka ɗebo. A lissafin masana, 'ya'yan shaƙiƙai suna da kusancin jini na kashi 25 cikin 100, daidai da a haɗa uba da 'yarsa. In uba kawai suka haɗa, kashi 12.5 ne. Tsare jinin da ake gaya maka, har da cutar ake tsarewa.

Abin da ka kwatanta a karen maƙwabcinka ya yi kama da lalacewar gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram cikin raminsa, yana ta goga har amosanin gaɓa ya shiga. Alseshan sun yi suna da wannan. Amma ba zan yanke ba sai an gani, domin a shekarunsa akwai wani ciwon ƙashi na girma da ke sa ɗingishi yana yawo daga ƙafa zuwa ƙafa, kuma yakan wuce da kansa. Buguwa ma na iya jawowa. Ka roƙe shi ya kai shi a ɗauki hoton ƙashi, sakamakon zai amfane ku duka.

Taka ma sai an yi mata hoton, don karya na iya gudu lafiya alhali ƙugun ba daidai yake ba. Ana ba ta maganin barci a miƙe ƙafafun kafin a ɗauka. A Ingila ana auna ƙugu daga wata 12, a Amurka kuma ba a ba da shaidar ƙarshe sai wata 24. Ka fara da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su faɗa maka yadda za a yi. Ko da komai ya fito lafiya, wata 14 ta yi ƙanƙanta. Ka bari ta kusa shekara 2.

Mai kaji, Dange:
Likita ya gama magana. Ni lissafin lokaci kawai zan ƙara. Cikin karya kusan kwana 63 ne. In aka yi barbara a Fabrairu, haihuwa za ta faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Uwa mai gashi irin wannan tana shayar da bakwai ko takwas a ƙarƙashin kwano, ga haki ga ƙishirwa, abin tausayi ne wallahi.

Tsohon mafarauci, Gwadabawa:
Yaro, ku kuka ɗauko wa kanku wanga aiki. Karnukanmu na gida da muke shiga daji da su, wa ya taɓa kai su hoto? Ga na Buzaye masu dogayen ƙafafu da ake shigowa da su ta Illela, sun san rana, sun san ƙishirwa. Amma ko mu ba mu barin wa ya hau ƙanwa. Makiyayi ma in rago ya daɗe cikin garke yakan musanya shi kafin ya kai ga ɗiyansa. In ka nace sai na Turawa, to ka nemo namiji daga nesa, kuma ka tafi da ƙafarka ka ga uwarsa da ubansa suna tafiya.

Likitan dabbobi, Mabera:
Baba ya yi gaskiya a kan zuwa da ƙafa, ko da yake na gida ma suna da nasu ciwon, ba a dai cika kawo su ba ne. In ka je ganin namijin, Alhaji, ka sa a laluba a tabbatar 'ya'yan marainansa biyu sun sauko. Wanda ɗaya ta maƙale masa a ciki yana iya haihuwa, amma ana gadon abin, don haka ba a barbara da shi. A duba cibiya ko ta ɓullo, a duba fatar ido ko tana naɗewa ciki tana gogar ƙwayar, a tambaya ko ya taɓa ƙazuwar da ta cinye masa jiki yana ƙarami. Ka lura da halinsa sosai. Kare mai firgita da cizo ba dalili yakan bar wa 'ya'yansa wani abu na wannan halin, kuma gonarka akwai yara masu kwasar ƙwai. Sannan a duba al'aurarsa: akwai wani tsiro mai zubar da jini da karnuka ke ɗauka wajen barbara, muna ganinsa da yawa. Shi ba gado ba ne, amma namijin da ke zagaya gidaje shi ke raba shi.

Malama, Arkilla:
Ni ta ɓangaren masu saye zan yi magana, don an taɓa kawo mana kwikwiyo ɗan wata ɗaya, ko abinci bai iya ci ba, amai da gudawa mai jini suka tafi da shi. Don Allah duk ranar da ka samu 'ya'yan, kada ka raba su da uwa kafin sati 8. A fara musu maganin tsutsa tun suna sati 2, allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8, a ci gaba har sati 16, ta haukan kare kuma a wata 3. Ka ba kowa katinsa a hannu.

Ɗalibin ilimi, Gidan Igwai:
Riƙon kare don gadi, kiwo ko farauta an yi izini da shi. Cinikinsa ne malamanmu na Malikiyya suka yi saɓani: mashhurin zance hani ne, Sahnun kuma ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙonsa. Ka zauna da malaminka a kan wannan. Amma ɓoye aibi ba saɓani a kansa. In ka san akwai ciwon ƙugu a dangin, wajibi ne ka faɗa wa duk wanda zai karɓa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na fasa wannan haɗin, zan kuma yi wa maƙwabcina magana mu kai su tare. Likita, in hoton ya nuna nata ma ba daidai ba fa? Kuma an ba ni shawarar in riƙa zuba mata garin kalsiyam don ƙashi ya yi ƙarfi.

Likitan dabbobi, Mabera:
In ya nuna haka, sai a yi mata aikin hana haihuwa ta ci gaba da gadinta, da yawa suna rayuwa lafiya in ba a bari sun yi ƙiba ba. Kalsiyam kuwa ka dakata. Yawansa yana ɓata ginin gaɓa a manyan karnuka masu tasowa, kuma ba ya gyara ƙugun da aka gada. Ka riƙa shafa gefenta, in ba ka jin haƙarƙari cikin sauƙi ka rage abinci. In ɗakinta tayil ne mai santsi a zuba yashi ko a shimfiɗa abin da ƙafa za ta kama. Ranar da za ku zo kada a ba su abinci da safe saboda maganin barcin, kuma ku taho da katin allurarsu.