Musayar waƙa: Bruno Fernandes, daga Maia zuwa Old Trafford

Sarkin Baiti:
Salamu alaikum 'yan uwa, kwana biyu fagen nan yayi shiru shi yasa na ce bari in jefo maudu'i, yau kan Bruno Fernandes ɗan ƙwallon Fotugal da Manchester United zamu yi, wasansa a gida da waje, mai yabo ya yaba mai suka ya soka amma da hujja kuma ban da zagi. Ga nawa

Da sunan Allah nake farawa,
Alƙalamina ya kama zubawa,
Bruno nake so mu yi wa dubawa,
Ɗan ƙwallon nan mai riƙe tsakiya.

A 1994 aka haife shi,
Garin Maia nan ne tushenshi,
Dab da Porto, nan ne gidanshi,
Arewacin Fotugal, kun jiya.

Ƙungiyar Infesta ce ta fara rainonsa,
Boavista ta ɗora kan horonsa,
Ba Benfica ko Porto ne mafarinsa,
Daga ƙaramin fage ya kamo hanya.

2012 ya ɗau jakarsa,
Shekara sha bakwai ce a kansa,
Ya bar iyaye ya bar garinsa,
Ya nufi Novara can Italiya.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Tunda ka ajiye shi a Italiya bari in ɗauka daga nan, don ni a ganina can aka ƙera shi kuma mutane basu cika maganar wajen ba sai dai Manchester Manchester kawai

Novara ba babbar ƙungiya ba ce ka sani,
Serie B take bugawa a wancan zamani.

An kawo shi ne ya zauna cikin matasa,
Kafin a jima manya suka ja shi cikin wasa.

Ba yare, ba dangi, ga baƙuwar ƙasa,
Yaro yana kwana da kewar gidansa.

Kaka ɗaya tak Udinese ta miƙo hannu,
2013 ya hau Serie A sannu sannu.

Can ya iske Di Natale, kyaftin kuma gwani,
Ya buɗe ido ya kwashi abin da ya gani.

Shekara uku yayi musu yana gogewa,
Sai Sampdoria ta Genoa tayi kirawa.

2016 suka ba shi lamba goma,
Rigar da ake ba wanda zai ja ragama.

Italiya ta koya masa tsayuwa da dabara,
A kai hari a dawo a tare, ba gadara.

Shekara biyar a waje kafin babban lig na gida,
Ya juya hanyar da 'yan ƙasarsu suka mayar ƙa'ida.

Su a gida suke suna sannan a saye su waje,
Shi a waje ya nuna kafin gida ta ce ya je.

Gimbiyar Alƙalami:
Sannunku da ƙoƙari yayyena. Ɗan Damagaram ka faɗi gaskiya amma kar a tsallake Sporting don Allah, can ne aka ga halinsa, kuma ni har yau in na tuna abin da aka yi wa yaran nan a 2018 sai raina ya ɓaci

2017 ya juyo gida,
Sporting ta Lisbon ta kafa shaida,
Yuro miliyan 8.5 aka ƙayyada,
Koci Jorge Jesus ya damƙa masa aiki.

A shekarar ya fara sa rigar ƙasa,
Kofin duniya na Rasha da shi aka isa,
Gwarzon lig ɗin Fotugal aka ɗora a kansa,
Baƙon jiya ya zama abin mamaki.

Sai ga watan Mayu da tashin hankali,
Wasu magoya baya suka fita daga hankali,
A Alcochete wajen atisaye suka kutsa har cikin fili,
Fuska a rufe suka kai wa nasu farmaki.

Ɗan wasansu Bas Dost aka fasa wa kai har jini,
Bayan kwana biyar ga fainal ɗin kofin ƙasa, wane irin zamani,
Aves ta ci su 2-1 duniya na gani,
Wa zai buga ƙwallo da tsoro a ciki?

Rui Patrício ya soke kwantiragi ya fice,
William Carvalho da Gelson kowa ya kauce,
Bruno ma ya soke, ba wanda zai ce ya ɓace,
Amma ya dawo ya sa hannu duk da zafin miki.

Ƙwallo sama da 30 daga tsakiya,
A kaka guda, ba ɗan gaba ba ne kun jiya,
2019 suka kada Porto a fanareti gaba ɗaya,
Kofin ƙasa ya zo Alvalade filin Sporting akayi biki.

Mai Gardama:
Toh jama'a yabo ya isa haka. Anti Gimbiya kiyi haƙuri, Malam kai ka ce mai suka ya zo da hujja, to ga tawa kuma da zuciya ɗaya nake faɗa don abin yana damuna duk sanda naji ana haɗa shi da manyan 'yan tsakiya na duniya

Ban ce ba gwani ba ne, ban ce bai iya ba,
Tambaya gare ni wadda baku amsa ba.

Italiya shekara biyar, bai ɗau lig ba,
Sporting biyu da rabi, nan ma bai kai ba.

Tun Janairun 2020 yake United bai motsa ba,
Har kakar 2025 ta ƙare Firimiya bai taɓa ba.

Gdansk 2021, Villarreal bata bar musu ba,
Fanareti 11 da 10, kofin Europa bai zo ba.

Fainal ɗin Bilbao 2025, Tottenham bata tausaya ba,
Ci ɗaya mai ban haushi, kyaftin bai rama ba.

Na 15 a tebur, abin da United bata saba ba,
Shi ke sanye da kambu, ku ce min baku gani ba.

Ranar da Liverpool ta ci su 7-0 a Anfield ni ban manta ba,
Hannu a sama, ƙorafi ga rafli bai daina ba.

Abokan wasa na kallonsa basu sami ƙarfi ba,
Ba haka na san jagora yake yi in an shiga uku ba.

Ga fasin ganganci har yau bai bari ba,
Ya zubar da ƙwallo a tsakiya ba'a shirya ba.

Na Old Trafford:
Haba Yaya Mai Gardama, lissafinka ba ƙarya a ciki amma rabi ka kawo ka bar rabi a aljihu, mu da muke cika gidan kallo muna shan baƙin ciki tun bayan tafiyar Ferguson mu muka san abin da mutumin nan ya zo mana da shi wallahi

Ka tuna yadda ya same mu a Janairu,
Muna na biyar, zukata duk sun gutsuru,
Wasa 14 a lig ba wanda ya sa muka tsuru,
Muka ƙare na uku, al'amura suka gyaru.

Yuro miliyan 55 aka fara biya,
Koci Solskjaer ya sa shi a gaban 'yan tsakiya,
Sau huɗu gwarzon wata a shekara ɗaya,
Kafin shi ba wanda ya taɓa yi a Firimiya.

Kakar da ta biyo ƙwallo 28 ya zuba,
18 a lig, je ka tebur ka duba,
Muka ƙare na biyu, City ce kawai a gaba,
Irin wannan daga ɗan tsakiya bamu saba ba.

Ka tuna Brighton da aka riga aka hura tashi,
Rafli ya je ya duba allo ya sauya hukuncinshi,
Minti 100 aka ajiye ƙwallo a gabanshi,
Ya buga ta shiga, 3-2, ba rawar jiki tare da shi.

Ka ce ba kofi, to Wembley fa Yayana,
2023 Newcastle ta sha biyu a idona,
2024 kofin FA, City ta kwana tana ƙuna,
Taɓawa ɗaya ya ba Mainoo, je ka sake kallo ka tuna.

Masu horarwa sun zo sun tafi yana nan,
'Yan wasa masu tsada sun zo sun watse yana nan,
Ciwo kaɗan baya hana shi fitowa filin nan,
In ka cire shi me ya rage a ƙungiyar nan?

Yaron Zango:
Gaisuwa ga manya, ni daga Kumasi nake bin ku. Ni ba ɗan United ba ne amma mu 'yan Ghana mun ɗanɗana hannunsa a gasar kofin duniya ta Qatar, kuma 'yan uwana na Najeriya kuma kun riga mu sha da sati ɗaya, to bari in ba da shaida

Nuwamban 2022 Super Eagles ta je Lisbon,
Wasan sada zumunci, huɗu ba ko ɗaya sakamakon.

Biyun farko Bruno ne ya zura su a raga,
A Alvalade tsohon gidansa, kowa ya ga.

Mu kuma a Doha Ronaldo ya ci fanareti,
André Ayew ya farke, Zango ta ɗau ihu da tafi a titi.

Murna bata daɗe ba Bruno ya ɗaga kai,
Ya zura wa João Félix, ƙwallo ta wuce sarai.

Kafin mu farfaɗo ya sake kwasowa da gudu,
Ya ajiye wa Leão, muka koma muka yi jugum muka haɗu.

Bukari ya rage, 3-2 aka tashi,
Ana ta zancen Ronaldo, ni kuwa na san aikinshi.

Uruguay ma biyu ya ci su shi kaɗai,
Maroko ce ta tsayar da su, En-Nesyri da kai.

A wasan ya buga wata ta daki turke ta fita,
Ya bar fili ransa a ɓace, duniya ta gan ta.

Mai Gardama:
Ƙanena na Zango na ji shaidarka, Na Old Trafford kai ma na ji. Amma ku fahimce ni, abin da nake cewa shine shekarun ɗan ƙwallo ƙididdigaggu ne kuma shi ya ƙarar da mafi kyawun nasa a gidan da ake ta rushewa ana sake gini

Bernardo ɗan ƙasarsu ya tara Firimiya shida,
Vitinha ya ɗau kofin zakarun Turai ya kai Paris gida.

Shi kuwa yana ta ɗaukar kaya shi ɗaya,
Ranar da zai ajiye takalmi me zai nuna wa duniya?

Gimbiyar Alƙalami:
Yaya Mai Gardama wannan tambayar taka ta fi ta farko nauyi, amma ni abin da kake gani aibi shi nake gani daraja, kuma maganar fasin ganganci da kayi ɗazu ban bar ta ba

Ɗan kasuwa mai tsoron asara baya cin riba,
Fasin da ke fasa baya dole wani ya ɓata a duba,
Mai mayarwa gefe kullum ba za'a zarge shi ba,
Amma ba shi ake nema in an rasa mafita.

2025 Al-Hilal ta Saudiyya ta zo da kuɗi masu yawa,
Ƙungiyarsa na ƙasan tebur, ƙofa a buɗe ta ficewa,
Ya ce yana son manyan gasa, bai gama bugawa,
Yadda ya koma Sporting haka ya tsaya wa United ita ma da kanta.

Kofin Nations League biyu yana cikin tawaga,
2019 a Porto, kusa da inda ya fara ganin raga,
2025 a Munich, Sifaniya ta ja daga,
Ya ɗauki fanaretinsa ya zura, gola bai tare ta.

Ɗan Damagaram:
Anti kin biya ni. Ni yanzu abin da ya fi damuna ba kofi ba ne, wurin da ake tsayar da shi ne, don wani lokaci sai kaga an ja shi baya yana karɓar ƙwallo a gaban masu tsaron baya alhali duk ɓarnar da muka lissafo a sama kusa da raga yayi ta, to Malam da Yaya Mai Gardama ga tambaya

Wanda Sampdoria ta ba goma tun yana yaro,
Don me za'a mai da shi baya aikin tsaro?

Fotugal na da Vitinha da João Neves a ƙasa,
Su riƙe tsakiya, a sake shi ya hau bisa.

In ya tsaya bayan ɗan gaba nan yake da dafi,
Ko ya bayar ko ya buga, gola sai ya yi ƙorafi.

Ku faɗa min, in ku ne koci ranar fainal,
A takwas zaku sa shi ko a goma, ku amsa min da baiti ba tangal-tangal.