Tari da rama ga mai shan maganin ƙanjamau: ƙura ce ko wata cuta?

Maman Sadik, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, kuma ba a daɗe da ɗora shi kan magani ba, amma tun shigowar hunturu yake fama da tari wanda ya ƙi tsayawa, ga zufar dare da rama, harshensa kuma ya yi fari har yana jin zafi idan zai haɗiye abinci. Mutanen gida na cewa ƙura ce, mun sayo maganin tari a kemis bai yi komai ba. Shin maganin ne bai karɓe shi ba, ko kuwa wata cuta ce daban ta shigo?

Ma'aikacin Lafiya, Kawo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ku tsaya jiran ƙura ta wuce. Ga mai HIV, tari tare da zufar dare da rama ya isa a yi zargin tarin fuka, wanda shi ne kan gaba wajen hallaka masu wannan ciwo a duniya. Ku mayar da shi asibitin da yake karɓar magani, a ɗauki kakinsa a yi gwajin GeneXpert, kuma gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Idan an tabbatar da shi, zai sha magani na wata 6 ba fashi, ko da ya ji sauƙi tun a makonnin farko. Ku tabbata likitan ya san idan yana shan maganin HIV mai suna dolutegravir, domin rifampicin, wanda ke cikin maganin tarin fuka, na rage ƙarfinsa a jini, shi ya sa ake ƙara masa ƙwaya ta biyu da yamma. Farin harshen kuwa ƙwayar cuta ce dangin fumfuna (fungus) da ke samun dama idan garkuwar jiki ta yi rauni, kuma jin zafi wajen haɗiya alama ce ta gangara maƙogwaro, don haka sai an ba shi fluconazole. A nemi a auna CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki a jininsa, domin idan ya gaza 200 akwai ƙarin gwaje-gwajen da ya kamata a yi masa.

Abu Hafsa, Rigasa:
Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma ina rayuwa da wannan ƙwaya, kuma abin da nake roƙo shi ne kada kowa ya sa shi ya daina maganin da zato cewa shi ya jawo tarin. Wani lokaci cuta irin tarin fuka tana ɓoye a jiki, sai garkuwa ta fara farfaɗowa sannan ta bayyana. Ku tambaya ko an ba shi Septrin, domin yana kare shi daga wani ciwon huhu da gudawa da zazzaɓin cizon sauro.

Malama Jinya, Barnawa:
Ƙari a kan bayanin Malam, ku lura da ciwon kai mai tsanani da ya ƙi tafiya, ko sanƙarewar wuya, ko ruɗewa. Wannan na iya zama sanƙarau na ƙwayar cuta dangin fumfuna, kuma ba a kwana da shi a gida. A garzaya da shi Asibitin Barau Dikko ko babban asibiti mafi kusa. Idan kuma tarin fuka ne, a kai duk waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, sannan a riƙa buɗe tagogin ɗakinsa da rana duk da sanyin da ake yi.