Tambaya kan shimfiɗa mabul a kantar kicin

Uwargida daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Muna gab da kammala ginin gidanmu, kuma ina da burin a shimfiɗa farin mabul a kan kantar kicin, inda zan riƙa yanke-yanke da wanke-wanke. Maginin da ke mana aiki ya ce in haƙura in sa wani nau'in dutse da ake kira giranit, amma bai yi mini bayanin da ya gamsar da ni ba. Ina roƙon masana wannan sana'a su fayyace mini dalili, kuma idan har za a iya sa mabul ɗin, wane kauri ya dace, kuma me zan lura da shi ranar ɗorawa?

Mai aikin dutse daga Jega:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Magininki bai faɗi son ransa ba. Asalin mabul dutsen farar ƙasa ne wanda zafi da matsi suka sauya a ƙarƙashin ƙasa, kuma duk abin da ke da tsami yana cin sa. Ruwan lemon tsami, tsamiya, zoɓo da tumatir, waɗanda kicin ɗin Bahaushiya ba ya rabuwa da su, kowannensu yana kashe sheƙin dutsen ya bar tabo dushi-dushi da sabulu ba ya fitarwa, sai dai a sake goge wurin da inji. Manja kuma ratsa shi yake yi, domin mabul yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A ma'aunin taurin duwatsu mabul yana wajen 3, giranit kuwa yana tsakanin 6 da 7, shi ya sa wuƙa ke yi wa mabul zane cikin sauƙi.

Kada ki tsaya ga maganata kaɗai. Ki karɓo guntu daga wurin mai sayarwa, ki ɗiga masa lemon tsami a gefe guda da manja a ɗaya gefen, ki bar shi ya kwana, da safe ki goge ki duba a cikin haske.

Injiniyan gini daga Argungu:
Na yarda da bayanin Malam, sai dai ban ga dalilin hana Hajiya abin da take so gaba ɗaya ba. Ana shafa wa mabul maganin toshe ƙofofi bayan an ɗora shi, a kuma maimaita lokaci zuwa lokaci. Wannan yana rage shan mai sosai, ko da yake ba ya hana tsami cin fuskar dutsen. Shawarata ita ce a raba aikin: giranit a kusa da murhu da wurin wanke-wanke, mabul a ɓangaren da ake murza fulawa da jera kwanuka.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗorawa, domin a nan ne aka fi yin asara. Kaurin da aka saba samu santimita 2 ne ko 3. Mai santimita 2 yana kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, mai santimita 3 kuwa ya ɗan haura kilo 80, saboda haka kabad ɗin katako mara ƙwari ba zai ɗauke shi ba. Idan dakalin kankare aka zuba, sai a bari ya bushe sarai, a ɗora lebul, wato ma'aunin daidaito, a tabbatar babu tudu babu kwari, domin duk inda dutsen ya zauna a kan rami, nan zai tsage ranar da aka ɗora masa nauyi. Kada a auna kafin a gama filasta, tunda bangonmu ba kasafai yake miƙewa sak ba. A yanka samfuri da falanki ko kwali a kan kantar kanta, sannan a bi shi wajen yanka dutsen. A kuma yi amfani da farin gam ko farin siminti, saboda baƙin siminti yana iya ɓullowa ta jikin farin mabul ya dusashe shi.

Mai aikin dutse daga Jega:
Haka ne, Injiniya. Zan ƙara da cewa a tsaye ake ɗaukar falalen dutse, a kan gefensa, ko a mota ko a hannu, musamman bayan an huda ramin sinki, wanda a nan ne ya fi rauni. Kusurwoyin ramin a yi musu lanƙwasa, kada a yanke su da kaifi, domin daga kaifin kusurwa tsaga take farawa. Hajiya, don Allah ki matsa wa masu aikin su yi yanka da ruwa, su kuma rufe hanci, musamman idan giranit ne, saboda ƙurarsa tana lalata huhu kuma yaran da ke riƙe inji su ne suka fi shaƙarta.

Uwargida daga Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gwada guntun kamar yadda Malam ya ce, kuma na karkata ga raba aikin gida biyu. Saura in ji ko za a iya haɗa mabul da giranit a kanta ɗaya ba tare da mahaɗin ya riƙa tara ruwa ba, tunda dakalinmu mai kusurwa ne.