Yarona yana son koyon aikin injin jirgin sama, ina zan dosa?

Baban Yara, Jidda:
Salamu alaikum jama'a. Babban ɗana ya gama sanawiyya (sakandare) bana, nan aka haife shi kuma igamarsa (katin zama a Saudiyya) ƙalau take, tun yana ƙarami yake bin kawunsa warsha (garejin gyara) a sana'iyya, wato unguwar makanikai, injin mota kam ya iya kwance shi ya mayar. Yanzu ya dame ni wai kamfanonin ƙera injin jirgi na neman ma'aikata ido rufe. Da gaske ne ko zancen intanet ne? In gaskiya ne ta ina ake farawa?

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba. Lokacin korona a 2020 Rolls-Royce ta ce za ta rage ma'aikata 9,000, kamfanin GE na Amurka ma ya sallami dubbai, da yawansu tsofaffin hannu ne kuma da aka dawo aiki ba su dawo ba, ga odar jirage ta yi yawa. Sai kuma a 2023 aka gano matsala a garin ƙarfen da Pratt & Whitney ta yi wasu sassan injin jirgin Airbus A320neo da shi, dole aka ajiye ɗaruruwan jirage ana jiran a buɗe injin a duba, to wa zai duba? Mai walda ko mai sarrafa injin CNC (injin yanka ƙarfe da kwamfuta) da za a amince masa ya taɓa fiffiken turbin (farfelar cikin injin) ba a shekara ɗaya ake samunsa ba wallahi.

Amma ka sani nan Saudiyya ba a ƙera manyan injinan, galibi Amurka da Ingila da Faransa ne ke yi. Mu namu gyara ne da kwancewa, kamar yadda Saudia Technic ke yi a Jidda. Abu na farko Turanci, don littafin gyara duk da shi aka rubuta, kuma ko noti ɗaya ka ɗaure sai ka rubuta ka sa hannu. Ba irin sana'iyya ba ce da za ka ji da kunne ka ce ya yi.

Ummu Ɗalibai, Makka:
Baban Yara ka fara tambayar sharaɗin shiga kafin yaro ya sa rai. Yawancin guraben horaswa ɗan ƙasa ake fifitawa saboda sa'uda (tsarin ba 'yan Saudiyya aiki), nawa ɗan ya cike takardu har sau biyu a wata kwaleji aka ce sai mai jinsiyya, wato ɗan ƙasa, ya yi wata guda ba ya cin abincin kirki.

Ɗan Zazzau a Riyad:
In yana da fasfon Najeriya ku duba kwalejin jiragen sama ta Zariya, tun 1964 take kuma suna koyar da gyaran jirgi. In ya dawo zai nemi lasisin GACA, hukumar jiragen sama ta Saudiyya. Kafin nan kar ya bar warsha, ya koyi waldar argon da karanta zane.

Baban Yara, Jidda:
Allah ya saka da alheri. Fasfo akwai, ƙanwar uwarsa ma a Samaru take aure. Malam Ɗan Zazzau don Allah wane wata suke buɗe ɗaukar ɗalibai?