Neman shawara kan jakar ɗaukar jitar lantarki

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makaɗa, ina neman shawararku a kan jakar da zan riƙa ɗaukar jitata ta lantarki, ƙirar Stratocaster, wadda tsawonta ya kusa mita ɗaya. A Birnin Kebbi nake zaune, kuma a bayan babur nake goya ta zuwa wuraren biki, wani lokaci har Jega ko Argungu a motar haya, inda ake cusa kaya ba tare da tausayi ba.

Jakar da nake da ita ba ta kai shekara ba zif ɗinta ya lalace, ɗinkin maratayinta ya fara warwarewa, ga kuma sosonta siriri ne ƙwarai, har gindin jitar ya kwarzane. Ƙurar hunturu ma tana shiga ta kwanta a kan tsirkiyoyi.

Akwati mai tauri ya fi ƙarfin aljihuna, kuma ba ya goyuwa. Shin soso mai kaurin milimita 10 zai wadatar, ko lallai sai na milimita 20? Sannan wanne ya fi, in yi oda daga kasuwar Alaba ta Legas ban ga kaya ba, ko in kai wa maɗinkin jaka a nan ya ɗinka mini da tamfol? Na gode.