Neman shawara: layin da kamfani ya ce mu kira in muna cikin damuwa, ba tarko ba ne kuwa?

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai abokan aikina a gidan nan.

Ni ma'aikacin banki ne a Kano, ɓangaren maketin, mu ne masu yawo a rana neman kwastoma. Bara mahaifinmu ya rasu kuma ni ne babba, to kun dai san yadda abin yake, kuɗin makarantar ƙanne, maganin Hajiya na hawan jini da suga, ga nawa iyalin ga haya. Albashi ba ya kai tsakiyar wata, sai na fara cin bashi a manhajojin nan na waya, in ci nan in biya can, yanzu abin ya fi ƙarfina har ɗaya daga cikinsu ta tura wa surukina saƙo wai ni ɗan damfara ne. Barci ya ƙaurace min, in kwanta ido biyu har kiran assalatu, in tafi ofis kaina na sarawa, kwanan baya na rubuta lamba ba daidai ba a takardar kwastoma oga ya ba ni kweri. Uwargida ma ta ce na canza, abu kaɗan sai faɗa.

To akwai imel da HR, wato sashen kula da ma'aikata, suke turo mana lokaci lokaci, wai EAP, shirin tallafa wa ma'aikata masu matsalar kansu, da lambar waya, wai ka kira dare ko rana kyauta ne kuma sirri ne. Ni tsorona wanda ke biyan su ai shi ne ubangidansu, in na amayar da cikina gobe a zo rage ma'aikata a fara da ni. Don Allah wanda ya san kan abin ko ya taɓa kira ya faɗa min tsakani da Allah. Kuma kuɗi suke bayarwa ko surutu ne kawai?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan Baba. Ni dai kar ka kuskura malam. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Banki da ke sallamar mutum ta imel ranar Juma'a da yamma shi ne yau ya damu da barcinka?

'Yar Zariya: Ɗan Fagge na fahimci tsoronka amma bari in faɗi yadda abin yake tafiya don a HR nake aiki, ba a banki ba dai, kuma ni nake karɓar rahoton namu.

Galibi ba ma'aikatan kamfani ne ke ɗaga wayar ba. Wani kamfani ne daban aka ba kwangila, su ke da masana halayyar ɗan adam da masu ba da shawara, ana biyan su kuɗin shekara gwargwadon yawan ma'aikata, ko an kira ko ba a kira ba. Abin da ke zuwa teburina lissafi ne kawai, mutum kaza suka kira a wannan zangon, kaso kaza matsalar kuɗi, kaso kaza ta aure, kaso kaza gajiyar aiki. Ba suna, ba lambar waya. Wallahi ko na so in san waye ba za su faɗa min ba, don ranar da aka ji sun fitar da sirrin mutum ɗaya kasuwarsu ta mutu.

Amma fa ƙofar shiga biyu ce, nan ne nake so ka buɗe kunne ɗan uwa. Akwai wadda kai ka kira da kanka, wannan babu wanda ya sani. Akwai wadda manaja ne ya tura ka a rubuce saboda aikinka ya lalace, a wannan za a ba ka fom ka sa hannu, kuma za a riƙa sanar da ofis ko kana zuwa ko ba ka zuwa, duk da ba a faɗin abin da kuka tattauna. Kai da ka riga ka ci kweri, gara ka shiga ta farko tun ba a tura ka ta biyu ba.

Sirrin ma yana da iyaka kuma za su faɗa maka tun farko: in sun ga za ka cutar da kanka ko wani, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta nema. Bashi da rashin barci da rigimar gida ba sa ciki. Sai dai tunda banki ne zan ƙara wannan, in akwai kuɗin kwastoma da hannunka ya taɓa, wannan lauya za ka fara gani ba EAP ba.

Mai tambaya: A'a Hajiya, alhamdulillah ko kwabo ban taɓa ba. Na gode sosai. To maganar kuɗin fa?

'Yar Zariya: Ba sa ba da kuɗi, kar ka sa rai. Zama ne da ƙwararre, 'yan kaɗan, yawanci tsakanin 3 zuwa 8 ya danganta da abin da kamfaninku ya saya, ta waya ko bidiyo ko ido da ido. Wasu suna da mai ba da shawara kan kuɗi da kan shari'a, wasu har matarka da yaran gida za su iya kira. In abin ya wuce su sai su tura ka asibiti, daga nan kuma HMO ɗinka ne, wato kamfanin inshorar lafiyarka, ko aljihunka. Tambaya ɗaya, kai cikakken ma'aikaci ne ko na kwantiragi? Don bankuna da yawa imel ɗin kowa yake samu amma shirin bai haɗa da waɗanda aka ɗauka ta hannun ejan ba.

Bakatsine a Ingila: Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Nan inda nake aikin kula da tsofaffi har a bangon ɗakin shan shayi an manna lambar. Kuma zargin Ɗan Fagge ba daga sama ya faɗo ba, asalin abin a Amurka ne wajen shekarun 1940, manyan masana'antu suka ga giya na kashe musu ƙwararrun ma'aikata, korar mutum da koyar da sabo ya fi tsada, sai suka fara tura su magani, sau da yawa da taimakon 'yan ƙungiyar nan ta masu barin giya da aka kafa a 1935. Sai a shekarun 1970 abin ya faɗaɗa ya haɗa da aure da bashi da rasuwa. Wato tun farko kamfani don kansa ya yi, yana so ka dawo ka yi masa aiki. Ni ban ga laifin hakan ba, shi ya samu nasa kai ka samu naka. Lokacin da ƙanwata ta rasu a gida ban samu zuwa jana'iza ba, na kira su cikin dare bayan na tashi daga aiki, matar ba ta san komai game da zaman makoki irin namu ba amma ta saurare ni, kuma ita ta nuna min yadda zan nemi hutun rasuwa ban ma san ina da shi ba.

Maman Biyu: Hmm ni kam na kira na wajen aikinmu kuma farkon bai min daɗi ba gaskiya. Wata yarinya ce daga Legas, Turanci zalla, ina ba ta labarin yadda dangin miji da nawa duk suka rataya a wuyana sai ce min take wai in ja musu layi in daina ɗaukar nauyin kowa, in fara kula da kaina. Na ce baiwar Allah uwata ce fa, a ina zan ja layin? Na kashe waya. Daga baya wata ƙawata ta ce ai kina da damar ki ce a canza miki, na sake kira na ce ina son mai jin Hausa ko aƙalla wadda ta san arewa, aka haɗa ni da wata a Kaduna. Ita ba ta ce in yar da kowa ba, cewa ta yi in tara ƙannena mu raba nauyin a fili kowa ya san nasa, har wanda bai da albashi ya ɗauki kai Hajiya asibiti. Don haka ƙanina in na farko bai maka ba ka ce a sauya, ba rashin kunya ba ne.

Sannan kar ka kira da wayar ofis ko ka yi musu imel da adireshin ofis, su EAP ɗin ba za su faɗa ba amma 'yan IT ɗinku, masu kula da kwamfutocin ofis, suna iya gani.

Ɗan Fagge: To ai kin ga irin ta. Kuma reshen da ke da mutum 12, a ce "mutum ɗaya ya kira kan bashi", wa ye bai san waye ba?

'Yar Zariya: Wannan gaskiyarka ce, shi ya sa masu aikin kirki ba sa rarraba rahoto reshe reshe in mutanen kaɗan ne. Mai tambaya, kafin ka faɗi ko sunanka ka tambaye su: ku ma'aikatan bankin ne ko na waje, me kuke tura wa ofis, rahoton yana nuna reshe, a ina kuke ajiye bayanai. In suka fara kame kame ka ajiye wayar.

Almajirin Malam: Bawan Allah ka riƙe addu'ar da Annabi SAW yake yawan yi, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, har zuwa wa dala'id daini wa galabatir rijal. Ka duba yadda aka haɗa damuwa da nauyin bashi a addu'a ɗaya. Kuma ka yi ƙoƙari ka fita daga bashin ruwa, ba albarka a ciki. Amma ban ce kar ka kira ba, Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, neman shawara ba raunin imani ba ne. Wani abu kuma da mutane ke mantawa, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a aya ta 60 a Suratut Tauba, ma'aikaci mai taye ma zai iya cin zakka in halinsa ya kai. Ka samu malamin da ka yarda da shi ka yi masa bayani.

Lauyan gidan: In ƙara ta ɓangaren doka a taƙaice. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin masu tsananin kariya, kuma akwai hukumar kare bayanan sirri, NDPC, da ake kai wa ƙorafi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta hana nuna wa mutum wariya a wajen aiki saboda irin wannan larura. A takarda kenan. A zahiri wanda zai kore ka ba zai rubuta dalilin gaskiya ba, cewa zai yi ba ka cika taget ba, don haka kariyarka ta farko ita ce aikin ya gyaru, ka amsa kwerin nan a rubuce cikin ladabi ka ajiye kwafi.

Masu tura wa surukinka saƙo kuwa, abin da suke yi ba ya bisa ƙa'ida. Ka ɗauki hoton saƙonnin ka kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, su ke yi wa masu ba da bashi ta waya rajista, kuma tun 2023 Google ya hana irin manhajojin nan shiga lambobin da ke wayar mutum da hotunansa. Bashin dai yana kanka sai ka biya, amma cin mutuncin ba ya cikin yarjejeniya.

Nas daga Barnawa: Ni barcin ne ya fi damuna. Don girman Allah kar ka je kemis a haɗa maka ƙwayar barci, da yawan waɗanda muke gani a haka suka fara, daga rabin ƙwaya. Ka je a auna jininka tunda akwai hawan jini a gida ga ciwon kai. In ka ga abinci ya fita ranka, ba abin da ke maka daɗi makonni, ko zuciya ta fara raya maka gara mutuwa, to wannan ba na jiran layin waya ba ne, asibiti za ka a ranar, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, ga asibitin Dawanau, mu nan Kaduna ga na Barnawa. Ba sai mutum ya fita tsirara ake zuwa ba, masu kwat da mota muke gani kullum.

Kawu Mai Ritaya: Yaro ka gaya wa matarka gaskiyar adadin bashin. Ka duba kofaretif ɗin ma'aikata na wajenku, ruwansu bai kai na waya ba in ma akwai, a biya su gaba ɗaya a riƙa cira a albashi. Shi ke nan nawa.

Mai tambaya: Jama'a na gode Allah Ya bar zumunci. Na kira jiya bayan isha'i da wayar uwargida, ina zaune cikin mota a ƙofar gida. Na yi tambayoyin da Hajiya 'Yar Zariya ta ce, kamfanin waje ne kuma sun ce rahoto na banki ne gaba ɗaya ba na reshe ba, lambar ma'aikaci kawai suka nema don su tabbatar ina ciki. Namiji na nema mai jin Hausa sun ce za a haɗa ni da shi ranar Asabar ta bidiyo. Wadda ta ɗauka ta tambaye ni kai tsaye ko ina tunanin kashe kaina, na ji wani iri amma na ce a'a. Aikin da ta ba ni kafin Asabar shi ne in rubuta duk bashin a takarda ɗaya, sunan manhaja, nawa na ci, nawa ya zama yanzu, ranar biya, wallahi ban taɓa haɗa su waje ɗaya ba don tsoro. Kawu na ji maganarka, ita uwargida ta ga takardar da safen nan, ta yi kuka ta yi faɗa, yanzu dai ta ce a fara da mai ruwa mafi yawa.

Ɗan Fagge: To Allah Ya sa ni ne ban gane ba. Ka dawo ka ba mu labari bayan wata uku in kana nan a kujerarka.

'Yar Zariya: Madalla. Ranar Asabar ka tambaye shi zama nawa bankin ya biya maka kuma ko uwargida za ta iya samun nata daban. In ya ce ka ga likita ka karɓi takardar asibiti ta hutu kawai ka kai ofis, ba dole ba ne ka yi wa oga bayanin abin da ke damunka.